Na Mayar da Ɗakin Bhunte Kurkuku

An haihu! Mace ce, ranar Talata da hantsi, kilo uku ba kaɗan, ga gashi cike da kai kamar an kifa mata baƙar hula. Yau ni ne kaka, ni da na fara cire rai. Uwar ma tana lafiya, duk da sai da aka yi mata aiki.

Yi haƙuri Malama Nirmala, na faɗo miki ta tsakiya ko gaisuwa babu. Ina gaishe ki, sannu da ƙoƙari. Tun ranar Talata haka nake yi wa duk wanda na tara a hanya, har mai kawo mana madara ya ce, "Baba, sau uku ke nan kana gaya mini, ko ukun aka haifa?"

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Ki taimake ni. Na yi abin kunya a gidana, kuma kare ne zai ɗauki laifin idan ban buɗe baki ba. Da ƙafata na kawo wasiƙar nan ofishinku don ta samu shiga filinki na jaridar Lahadi, saboda ranar Laraba za a zo a tafi da shi. Kada ki buga sunana.

Ki jure wa rubutuna. Shekara talatin da biyar na yi ina ɗora bulo a garin nan na Pokhara, da babban yatsa nake sa hannu. Ina da sittin da ɗaya surukata Samjhana, matar ɗana Prajwal, ta je ta rubuta sunana a ajin yamma na manya ba tare da ta tambaye ni ba. Na yi faɗa, na ce ni ba abin dariyar yara ba ne. Ta ce, "Baba, wata ɗaya kawai. In ba ka so ba, ni zan je in ba malamin haƙuri." Shekara uku na yi. Kullum in na dawo sai ta zaunar da ni a madafa tana yanka kayan miya, ni ina karanta mata jarida da yatsa a kan layi. Filinki ne na fara iya karantawa daga farko har ƙarshe. Na faɗi wannan ne don ki gane girman abin da na yi.

Shekararsu bakwai da aure babu haihuwa. Ciki biyu sun zube. Bayan na biyun ta daina magana, ta daina dariya, sai Prajwal ya shigo mata da ɗan kwikwiyo a cikin kwali, ja-ja, mai kunne ɗaya a kwance. Shi ne Bhunte. Shi ya fito da ita daga ɗaki, wannan ba zan ɓoye ba. Ta saya masa keji na ƙarfe, ta shimfiɗa bargo a ciki, ta ajiye a lungun falo, ƙofar kullum a buɗe. Da ta ce, "Bhunte, ɗaki," sai ya tafi yana kaɗa wutsiya ya kwanta. Wani lokaci ba wanda ya ce masa komai, shi yake zuwa da kansa idan baƙi sun cika surutu. Ni dariya nake yi. Na ce mata a ƙauyenmu mu tara muka tashi a ɗaki ɗaya, da akuya ta goma, ga kare da ɗakinsa shi kaɗai.

Mako biyar da suka wuce jininta ya hau. Likita ya ce ta koma gidan mahaifiyarta kusa da asibiti ta kwanta, kada ta ɗaga ko buta. Prajwal daga wurin aiki can yake wucewa. Aka bar mana Bhunte, ni da tsohuwata, wato matata. Kafin ta tafi ta rubuta ƙa'idoji shida da manyan baƙaƙe saboda idona, ta manna a bangon madafa, ta sa na karanta mata da ƙarfi. Ta huɗu ta ce: kada a taɓa saka shi a keji don ya yi laifi. Na karanta ba tuntuɓe, har ta tafa mini.

Malama, ni ɗan tudu ne. A wurinmu kazar da ta shiga shanyar gero kwando ake kifa mata, ta yini a ciki ta yi hankali. Karen gida kuwa a waje yake, abin da ya rage a tukunya shi ne nasa. Ni kullum idan na kalli kejin nan kwando nake gani, na ƙarfe.

Kwana biyu da tafiyarta Bhunte ya fara. Ya tone furannin da tsohuwa take raino don bikin fitilu. Na kama shi a wuya na tura shi keji na rufe. Ya tauna hulata ta zuwa haikali. Keji. Ya yi ta kuka a bakin ƙofa yana jiran uwar ɗakinsa. Keji. Yawon safe da na yamma da ke kan takardar, ƙa'ida ta biyu, na yi kwana uku na bari, gwiwata tana ciwo. Tsohuwata ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta haddace shidan da kunne. Ta ce, "Tsoho, kai da ka yi ajin yamma, daga uku biyar aka koya maka?" Na ce ta yi mini shiru, ba ita za ta koya mini riƙon dabba ba.

Ranar Talata da sassafe Prajwal ya bugo waya, ya ce za a shiga da ita ɗakin aiki yanzu. Muna neman takalma, na leƙa ɗaki na tarar Bhunte ya yaga ɗan matashin kai da tsohuwa ta ɗinka wa jaririya, wanda ta cika da ƙwayar mastad don kan ya zauna daidai. Ƙwayoyin sun watse ko'ina a ƙasa. Mako biyu ta yi tana tsince su tana shanyawa. Na ga matashin a yage, na tuna ciki biyun can, sai zuciyata ta ce mini wannan mugun nuni ne. Ban san lokacin da na ja shi a ƙasa ba. Ya turje, na cusa shi da ƙafa, na rufe, na ɗauki sandata na yi ta dukan ƙarfen kejin yana ciki, sannan na rufa buhu a kai. Muka tafi. Ko ruwa ban sa masa ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa muka dawo, ni da kwalin alewa a hannu ina raba wa maƙwabta, na ma manta da shi. Mun tarar ya yi kashi a kan bargonsa, abin da bai taɓa yi ba, leɓensa ya fashe, haƙori ɗaya ya karye wajen cizon ƙarfe.

Da na tsaya nan da sauƙi. Jiya Alhamis ranar karnuka ce, ranar da ake karrama su a cikin bikin fitilu. Mu gidanmu tunda an haihu ba ma taɓa kayan ibada sai an yi suna, don haka maƙwabciyarmu Bimala ta ce ita za ta zo ta yi wa Bhunte nasa. Jiyan da safe ya yi fitsari a falo da ya ga na ɗauko sanda, alhali fita kawai zan yi, sai na sake rufe shi. Bimala ta shigo da faranti: sarƙar furanni, jan garin ɗigon goshi, dafaffen ƙwai da nama. Ta tsaya tana kallon kejin. Ta buɗe, ta kira shi, ya manne a lungu yana rawar jiki. Ta miƙa hannu, ya yi mata gurnani, ita da take ba shi biskit ta kan katanga tun yana kwikwiyo. Ta ajiye farantin a ƙasa ta ce, "Yaya, yau ko karen bola mai ƙazuwa yana yawo da fure a wuya. Na gidanka ne kaɗai a gidan yari, a makon da aka yi maka kyautar jika." Ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Prajwal ya zo ɗaukar wa mai jego kaya. Ya ce bari ya gwada, ranar suna gida zai cika, dole Bhunte ya zauna a ɗakinsa. Ya ce, "Bhunte, ɗaki." Kare ya ruga ƙarƙashin gado. Prajwal ya jawo shi a hankali zuwa kejin, sai Bhunte ya juyo ya kai wa hannunsa hari. Bai kama shi ba, amma na ji ƙarar haƙora. Prajwal ya zauna a ƙasa, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, me ya same shi?"

Na ce, "Ni ma ban sani ba. Tun da uwar ɗakinsa ta tafi ya canza. Wataƙila jininsu ne haka."

Tsohuwa ta dube ni, ta tashi ta shige madafa.

Prajwal ya ce ba zai kawo jaririya gidan da kare yake kai hari ba. Akwai abokinsa mai gidan kaji a bayan gari yana neman karen gadi, ranar Laraba zai zo da mota. Na san irin wuraren nan, na gina biyu. Sarƙa ce taku uku, daga yau har mutuwa. Prajwal ya ce kada a gaya wa Samjhana sai ta warke, zai ce mata ya ɓace.

Ga mafi muni. Bayan ya tafi na cire takardar daga bango na ninke na saka a cikin littafina na aji. Na shirya a raina cewa idan magana ta fito zan ce rubutun ya yi mini wuya, ban gane ta huɗu ba, ai tsoho ne da ya yi karatu a makare. Kowa zai yarda. Ita ma za ta yi kamar ta yarda. Na zauna da littafin a cinya, sai na ji kamar in nutse a ƙasa.

Tun jiya tsohuwa ba ta ce mini komai sai "ga shinkafa" da "ga shayi". Bhunte idan na shigo ɗaki sai ya fita. Da safen nan na tsuguna na miƙa masa ƙwai, ya jira sai da na ja baya sannan ya ɗauka.

To Malama, me zan yi? In faɗa wa ɗana, ya san uban da ya haife shi ya dubi idonsa ya yi masa ƙarya? In faɗa wa yarinyar da ɗinkinta bai warke ba, in ɓata mata farin cikin da ta jira shekara bakwai? Ko kuwa Prajwal ne mai gaskiya, karen ya lalace ke nan, jikata ta fi shi? Akwai hanyar da za a mayar da shi yadda yake kafin Laraba? Ni zan yi kome ne.

Suna ranar Juma'a mai zuwa ne da safe, mu a rana ta goma sha ɗaya muke yi. Tsohuwa za ta soya sel roti, zoben garin shinkafa mai zaƙi, kwando biyu, na riga na kama akuya. Ki zo, ke da duk mutanen ofishinku, da duk mai karanta filin nan. Gidanmu ne mai koren ƙofa bayan injin niƙa. Ku zo ku ga yatsunta, dogaye ne, irin na masu riƙe alƙalami. Ku zo ku gani da idonku.

Kakan da kunya ta rufe,
Pokhara

*

Baba,

Barka da arziki. Ubangiji ya raya ta, ya ba uwar lafiya. Ka ce in ɓoye sunanka, sannan ka gayyaci duk masu karatu har da kwatancen gida. Na ɓoye naka, na sauya na sauran, na kuma sauya launin ƙofar.

Bari in fara da abin da ke gefenka, don akwai. An bar maka matashin kare mai ƙarfi, wanda ya rasa mutumin da ya fi so a rana ɗaya, kai kuma ba ka taɓa riƙon karen cikin ɗaki ba, ga gwiwa. Ranar Talata tsoro ne ya riƙe sandar nan, na gane. Kuma saka kare a kejinsa ba laifi ba ne. Idan ya cika rawar kai, a kai shi cikin natsuwa da abin tauna ya huta na ɗan lokaci, wannan daidai ne, shi ne amfanin kejin.

Amma abin da ka yi daban ne. Keji yana aiki ne don kare ya ɗauke shi wurin da babu abin da zai same shi. Ranar da aka ja shi ciki da faɗa, wurin ya tashi daga mafaka. Kuma Bhunte bai san don matashin kai aka rufe shi ba. Kare ba ya zama yini guda yana tunanin laifinsa. Abin da ya koya ɗaya ne: hannu ya kama wuya, sai keji, sai duka da ƙishirwa. Tonon furanni da taunar hula kuwa aikin karen da aka daina fita da shi yawo ne. Ba jininsu ba ne, ka sani.

Ɗanka ma yana da gaskiyarsa. Kare mai kai hari abin dubawa ne a gidan da ke da jaririya, kuma ba zan ce maka babu haɗari ba. Sai dai Prajwal ya yanke hukunci a kan labarin da ba shi ne ba. Yana zaton karensa ya juya haka kawai. Karen da ya juya babu dalili da karen da aka tsorata da abu ɗaya sananne ba ɗaya ba ne, na biyun ana yawan gyara shi. Kai kaɗai za ka iya gaya masa wanne ne a gidansa.

Don haka ka faɗa masa, yau, ba Talata ba. A gajarce, ba kuka, ba dogon bayanin ƙauye: na karya ƙa'ida ta huɗu, na doki kejin yana ciki, na bar shi yini babu ruwa, kuma na yi maka ƙarya. Zai ji zafi. Ka bar shi ya ji. Samjhana kuwa ku bar wa Prajwal da likitarta zaɓen rana, amma daga bakinka za ta ji, kuma kada kowa ya ce mata kare ya ɓace. Maganar cewa ba ka iya karantawa ba, ka binne ta. Matar da ta saurare ka shekara uku tana yanka albasa ta san abin da ka iya. Za ta iya yafe maka fushin safiya ɗaya. Waccan ƙaryar kuwa ƙwace mata aikinta ne. Ka mayar da takardar bango, ka kuma ba tsohuwarka haƙuri, ita ta fara gaya maka.

Ga aikin. Gobe a kai Bhunte wurin likitan dabbobi. Karyayyen haƙori yana ciwo, kuma kare mai ciwo yana saurin kai baki. Ku tambayi likitan ya haɗa ku da mai horar da karnuka wanda ba ya duka, ya zo gida ya gan shi. Sandarka ta koma bayan ƙofar waje. Kada wanda ya sake kama shi a wuya, kuma kada a hore shi don ya yi gurnani, gurnani gargaɗi ne, karen da aka hana gargaɗi cizo yake yi kai tsaye.

Kejin a wanke shi, a sauya masa lungu, a sa sabon bargo, a cire ƙofar gaba ɗaya. Ka ajiye abincinsa nesa da shi, inda zai ci hankali kwance. Kullum ka matso da kwanon kaɗan, har bakin kejin, har ciki. Ka jefa ɗan nama ka juya baya ka tafi. Kada ka tura shi, kada ka lallashe shi, kada ka tsaya a kansa. In ya ja baya, ka koma inda kuka tsaya jiya. Sai ya yi kwanaki yana shiga yana kwanciya da kansa sannan a mayar da ƙofar, a rufe na ƙiftawar ido a buɗe, a riƙa ƙarawa. Yawo sau biyu a rana. In gwiwa ta ƙi, a samu mai yi, amma abincin kai za ka riƙa ba shi.

Ka tambaya ko zai gyaru kafin Laraba. A'a. Makonni ne, wataƙila watanni, kuma mai yiwuwa ba zai sake son kejin nan ba har abada, sai a ba shi wani lungun mai ɗan shinge. Ranar suna kada a gwada shi. A fita da shi yawo mai tsawo da safe, ya yini a gidan Bimala. Na tabbata za ta karɓe shi idan ka je ka gaya mata gaskiya. Kafin mai jego ta dawo a kawo masa zanin jaririyar ya shinshina. Bayan ta dawo, kada a bar su su biyu a ɗaki ko na minti ɗaya. Wannan ba don Bhunte ba ne kawai, haka ake yi da kowane kare.

Idan bayan duk wannan mai horarwa ya ce zamansa da jaririya ba zai yiwu ba, to a nema masa gida na gaske, da sanin Samjhana da yardarta. Ba sarƙar gidan kaji ba.

Baba, mutumin da ya zauna a aji yana da sittin da ɗaya ya san yadda ake cewa na yi kuskure a gaban jama'a, a goge, a sake. Ajiye jaridar nan ka kira ɗanka, ka ce ya dakatar da motar. Ina yi muku fatan suna lafiya, da gida mai albarka ga duk wanda ke cikinsa.

Nirmala